Kalmomi Goma Sha Biyun Da Na Kai Wa Habsu

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa, ina roƙon Allah Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na ɗauko bik zan rubuta da fatan kana lafiya kamar yadda aka koya mana a aji a lakwal, sai hannuna ya tsaya. Me ake rubuta wa wanda ya riga ya tafi? Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Ko da kana nan ma ban yi tsammanin za ka karanta ta har ƙarshe ba, kai da kake cewa duk rubutun da ya wuce layi uku ciwon kai ne. Amma ka san ni, bakina ba ya iya magana, sai a takarda. Ka yi haƙuri ka saurare ni ko sau ɗaya.

Bari in fara da labarin gida. Ruwa ya sauka a Belbeji, an yi shuka, gero ya kai gwiwa a gonar Baba marigayi. Kawu ne ya sa aka nome ta. Akuyar nan mai kunne ɗaya ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Inna tana nan, ta rame, amma ta koma dama furar sayarwa. Har yanzu in ta zuba abincin rana sai ta ɗauko kwanonka, ta tsaya da shi a hannu, sannan ta mayar. Ni kuma ina yi kamar ban gani ba. Teburinka na cajin salula yana zaure, panon hasken rana yana jingine da bango, fuskarsa na kallon ƙasa. Mutum biyu sun taya, Inna ta ce ba yanzu ba. Na ci jarrabawar burebe, Yaya. Da aka kira sunana na waiga ina neman wanda zan faɗa wa. Ka ce in na ci za ka saya mini littafi biyar sababbi daga hannun masu kawowa daga Kano, ba tsofaffin da bangonsu ya cire ba. Na yafe maka su.

Ka ga Baba? Ya gane ka da gemun nan naka da bai gama fitowa ba?

To, ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Akwai abin da na yi da amanarka, kuma ya kamata ka ji shi daga wurina.

Ka tuna bayan kaka, lokacin da ka sayar da san Inna? Ɗan maraƙin da ta ba ka ka kiwata shekara biyu, kuka yi da ita in an sayar za a raba riba. Ka ce mata ka sa kuɗin a kasuwanci, ta ce Allah Ya sa albarka, ba ta ƙara tambaya ba. Duk gidan nan ni kaɗai ka gaya wa gaskiya, ranar kasuwa da na kai maka abinci. Ka ce akwai wani sabon kuɗin kirifto, koyin da ba a fito da shi kasuwa ba tukuna, masu shi sun buɗe sayarwar farko ta ƴan kwanaki, suna ba da shi da araha ga waɗanda suka riga kowa. Ka nuna mini hoton barewa a jikinsa, da wani agogo a salularka yana ƙirga lokacin da ya rage kafin a rufe. Na tambaye ka ina kuɗin yake in gani. Ka ce babu shi tukuna, sai ranar da ya fashe. Ka ce kamar mutum ne ya sayi ɗan raƙumi tun yana cikin uwarsa. Na ce ai malaminmu na Islamiyya ya ce wannan cinikin bai halatta ba. Ka ƙwanƙwashe ni da bik a ka, ka ce ustaziya, ci gaba da karatun soyayyarki.

Ni kuwa na ci gaba. Wallahi rabin bayaninka ban ji shi ba, ina zaune ƙarƙashin tebur na kai wurin da saurayin cikin littafin ya dawo daga tafiya ya tarar an tashi daga gidan. Abin da na tuna shi ne rezon waya ya yi ta yankewa, ka bar mini tebur, kai da abokinka Mamman Sani kuka hau tudun bayan kasuwa kuna ɗaga salula sama kamar masu neman wata. Ka dawo gumi ya jiƙa maka riga, kana dariya, ka ce ya shiga, saura minti kaɗan a rufe. Ka saya mini ƙanƙarar lemo biyu a ranar. Ban taɓa ganinka da farin ciki irin wannan ba.

Amma takardar da ka ba ni amana, ba a ranar ka ba ni ita ba. A nan ne kuskuren ya samo asali. Kwana uku kafin nan ne, a tsakar gida, ka ce in yago maka falle ɗaya daga kayena na rubutun lakwal. Ka juya mini baya kana kallon salula kana rubutu. Ka ninke ta huɗu, ka ce in ɓoye ta a cikin littattafaina tunda duk gidan nan babu mai taɓa su. Ka ce kada kowa ya gani, kuma in lokaci ya yi Habsu ce za ta fara sani. Da ka ambaci sunanta sai ka sosa ƙeya ka fita.

Yaya, kai ma ka yi mini adalci. Yarinyar da ta karanta abin da na karanta, yayanta ya ba ta takarda a ninke, ya ambaci budurwarsa, ya ji kunya ya fita, me kake so ta ɗauka? Ban kai ɗaki ba na buɗe. Kalmomi goma sha biyu da Ingilishi, kowace da lambarta, da rubutunka mai kama da tafiyar kaza. Na ce ashe! Ashe Yaya Lawali da ba ya iya ce wa mace sannu da kwalliya yana rubuta waƙa a ɓoye, har da harshen da ƴan gida ba za su gane ba. Na ari ƙamus a lakwal na duba su ɗaya bayan ɗaya. Na sami taga, na sami kogi, na sami zuma, na sami gobe. Sauran ba su yi mini kama da soyayya ba, sai na ce ai masu hikima haka suke, suna ɓoye magana a cikin shirme. Na sa ta a tsakiyar littafin da na fi so. Wata huɗu ina jin daɗi ni kaɗai, ina kallonka ina murmushi, kana cewa wannan yarinyar lafiyarta kuwa?

Sai bazara ta zo da ciwon nan. Ranar farko ka ce kanka ne kawai. Rana ta biyu wuyanka ya ƙi juyawa. Aka ce sanƙarau ne, aka ɗauke ka zuwa Damagaram. Ban ma yi maka sallama ba, ina bayan ɗaki ina kuka don kada ka gan ni. Me ya sa ban fito ba? Wace irin kunya ce wannan? Kawu ya sayar da salularka a can aka sayi allurai. Ya dawo shi kaɗai da takalmanka a leda.

A zaman makoki mata sun cika gida. Kowa yana yi wa Inna gaisuwa, kowa yana yi mini. Habsu ta zo da ƙawayenta ta zauna can bakin turmi. Ba wanda ya yi mata ta'aziyya, tunda ba a kai kuɗin gaisuwa ba, ba a sa rana ba. Ba ta da takaba, ba ta da gado, ko kuka mai ƙarfi ba ta da ikon yi a gaban manya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta kawai ke motsi. Na kalle ta na ce a raina lokacin da ka faɗa ya yi.

Ranar sadakar uku na ja ta bayan rumbu na ba ta takardar. Na ce ka bar mata. Ta buɗe, ta shafa rubutun da yatsa, ta ce ita ba ta yi nisa a lakwal ba, in karanta mata. Nan ne na yi abin da ya fi muni. Na ɗauki kalmomi huɗun nan na ɗinka su da zaren littattafaina. Na ce ka ce ita ce tagar da kake ganin gari ta cikinta, son da kake mata kogi ne da ba ya ƙafewa da rani, sunanta zuma ne a bakinka, kuma duk goben da Allah Ya ba ka tata ce. Ban yi in'ina ba ko sau ɗaya. Ni da ba na iya amsa tambaya a aji. Ta sa na maimaita har ta haddace. Bayan mako ɗaya ta nuna mini ta kai wa baduku ya ɗinke ta a jar fata kamar laya, ta rataya a wuya a ƙarƙashin riga.

Ban ji na yi laifi ba a lokacin. Na ɗauka na isar da saƙo ne, na ɗan ƙara masa gishiri.

Bayan sadakar arba'in da kamar mako uku Mamman Sani ya yi sallama da hantsi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna yana haki, ya ce koyin ɗin Lawali ya fashe. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce shi ke nan, mai shi ya tafi kayansa ma sun bi shi suna fashewa, a ina ya faɗi? Sai da ya yi ta bayani cewa a wurinsu in abu ya fashe alheri ne, an fito da shi kasuwa ke nan, yau ana iya sayarwa. A ranar ta ji inda kuɗin santa ya tafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ɗan nan, Allah Ya jiƙan ka da dabara. Mamman Sani ya ce in aka sayar a ranar za a sami sa har da ƙari. Amma salularka ta tafi, wanda ya saya ya goge komai, hanya ɗaya ta rage. Ya ce duk wanda ya buɗe irin wannan asusun ana ba shi kalmomi goma sha biyu, su ne makulli, duk mai su shi ne mai kuɗin, in babu su ko masu koyin ɗin ba za su iya buɗewa ba. Ya ce ya san ka rubuta naka, don tare kuka yi, shi a bayan allonsa na yarinta ya ɓoye nasa.

Ina tsaye da tsintsiya a hannu.

Aka zazzage akwatinka, aka duba aljihun rigunanka, aka ɗaga tabarma, aka buɗe bayan pano. Har ni na taya su nema, Yaya. Na ɗaga katifa da hannuna ina sane babu komai a ƙarƙashinta. Inna ta tambaye ni ko ka taɓa ba ni wata takarda, na girgiza kai. Ban san yadda zan ce makullin dukiyar Inna yana rataye a wuyan ƴar mutane ba, kuma ni na kai shi da sunan waƙa. Ban san yadda zan dubi Habsu in ce abin da take sumbata kullum ba nata ba ne.

Kwana tara na yi shiru. Kullum Mamman Sani yana biyowa in zai tafi kasuwa, ya tsaya a zaure ya ce an gani? Kullum kuma sai ya ce ya ƙara sauka, don duk waɗanda suka saya a sayarwar farko suna ta zubar da nasu su kama kuɗi. Shi tun rana ta biyu ya sayar da nasa. Na riƙa ganin san Inna yana ramewa a idona, yau ya zama maraƙi, gobe ya zama rago. Na buɗe littafi na kasa karanta layi ɗaya. A cikinsu in yarinya ta yi ƙarya saboda tausayi, ƙarshe kowa yafe mata yake yi, har a gode mata. Ba wanda ya taɓa rubuta cewa uwarta tana tafiya tallar fura da ciwon gwiwa saboda ita.

A rana ta tara na ga Inna ta zauna a bakin murhu tana ɗaure gwiwarta da tsumma kafin ta ɗauki ƙwarya. Na sa hijabi na fita ban ce ina zan je ba.

Na tarar da Habsu tana tankaɗe a inuwar bishiyar bedi. Ta yi murna, ta ce ƙanwata, ta jawo mini kujera. Na ƙi zama. Na faɗa mata ina kallon ƙasa, tun daga sa har zuwa ƙamus. Na ce maganar nan da ta haddace tawa ce, ba taka ba. Rariyar ta tsaya a hannunta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da reza. Na miƙa hannu, ta ce a'a, ita ta sa aka ɗinke, ita za ta farke. Ta yanke zaren ɗaya bayan ɗaya. Takardar ta yi laushi da gumi, amma rubutun yana nan.

Ba ta ba ni nan take ba. Ta ce tunda na iya karatu, in karanta mata abin da ke ciki na gaskiya, daga ɗaya har sha biyu, kada in tsallake ko ɗaya. Na karanta. Na farko jaki. Na biyu albasa. Sai taga, sai guduma, sai kwaɗo. Ina kai wa kwaɗo ta fashe da dariya, ta ce wallahi wannan ya fi kama da Lawali, jaki da albasa, ita dai ta yi mamakin ranar da ya koyi zancen kogi. Ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar ta juye ta zama abin da ban taɓa jin mutum ya yi ba. Kukan da ba ta yi a gidanmu ba ranar ta yi shi. Da ta gama ta miƙo mini takardar, ta mayar da fatar wuyanta babu komai a ciki, ta ɗauki rariyarta. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Mamman Sani ya buɗe asusun a salularsa a gaban Inna da Kawu. Barewarka tana nan, ba wanda ya taɓa. Ya sayar, wani mai canji a Damagaram ya turo kuɗin. Tumaki biyu suka saya, Yaya, ɗaya da ciki. Sa guda ya koma tumaki biyu. Na gaya wa Inna komai a ranar, na ce kwana taran nan ni na ci su. Na so ta dake ni. Ta dube ni ta ce da ma ta san ina da masaniya, don tun ina ƙarama in na yi ƙarya kunnena nake ja. Ta ce ta yi shiru ne ta ga yaushe zan gaji. Sannan ta ce in je in ba tumakin ruwa. Wannan ya fi mini duka zafi.

Kai fa, da ka yi fushi? Da ka ce ustaziya ta cinye maka sa da karatun soyayya? Ko da ka yi dariya irin ta Habsu? Me ya sa ba ka ce mini makulli ne ba? Kalma ɗaya ce. Ko ka faɗa ne ina ƙarƙashin tebur ban ji ba? Wannan tambayar ce ba ta barina.

Shekaranjiya na koma gidansu Habsu da takardar. Mamman Sani ya ce yanzu takardar ba ta buɗe komai, asusun ya zama fanko, to na ga ai rubutun hannunka ne, ta fi kowa cancanta da shi. Ta ƙi karɓa. Ta ce in kai wa Inna, ɗanta ne ya rubuta. Ta ce in dai ina son in biya ta, in faɗa mata abu ɗaya tak da na gani da idona ko na ji da kunnena game da ita a wurinka, ko da ba shi da daɗi, amma kada in sa masa ko ƙwayar sukari.

Na yi ta tunani. Ba ka taɓa cewa tana da kyau a gabana ba. Ba ka taɓa cewa kana son ta ba. Na lalube kaina kaf, abu ɗaya na samo, kuma na ji kunyar ƙanƙantarsa. Na ce mata duk ranar da ta kawo caji, ina ganin salularta ta cika tun kafin azahar, amma in ta zo karɓa sai ka kife ta a tebur ka ce da saura, ta dawo bayan la'asar. Kuma in ta juya sai ka goge gilashin da bakin rigarka, kai da kake jefa ta kowa a kwali kamar dutse.

Sai ta ce ai ta sani. Ta ce ita ma tocilar salular take kunnawa ta tura ƙarƙashin matashi tun safe, don batir ya mutu ta sami dalilin zuwa. Ta ce shekara guda suna haka, shi yana ƙaryar bai cika ba, ita tana ƙaryar ya ƙare, ba wanda ya taɓa tona wa wani. Ta share ido da gefen zane ta ce to, wannan nasa ne, wannan ta karɓa. Ta ɗebo mini gyaɗa a leda ta ce in gai da Inna. Har bakin ƙofa ta rako ni.

Na karanta littafi ya fi ɗari, Yaya, ban ga inda aka rubuta wannan ba. A gabana kuka yi shi, ina zaune ƙarƙashin teburin, kaina a cikin takarda.

Ka yafe mini san Inna. Ka yafe mini maganar da na sa a bakinka. Ka yafe mini da ban fito na ce maka sai ka dawo ba. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Baba a inuwa ɗaya. Inna na kira, tumakin sun shiga rumbu.

Sai mun zo.

Ƙanwarka da ta riƙe maka amana ba daidai ba,
Fassuma